Yadda Aka Samo Na'urar Gwada Jin Jarirai

Gwada jin babban mutum ba ya da wuya, domin za a kaɗa masa sauti ya ce ya ji ko bai ji ba. Jariri kuwa ba shi da bakin faɗa. Saboda haka shekara da shekaru ba a gane yaro kurma ne sai ya kai shekara biyu ko uku bai fara magana ba, alhali lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin ɗaukar harshe ya riga ya yi nisa.

Dabarar farko ta dogara ne da idon mai gwaji. A 1944, Irene Ewing da mijinta Alexander Ewing na Jami'ar Manchester a Ingila suka bayyana hanyar yin ƙara a bayan yaro a ga ko zai waiwayo. Wannan ba ya yiwuwa sai yaro ya yi kamar wata shida, wuyansa ya tsaya. A farkon shekarun 1960, Marion Downs ta fara gwada sababbin haihuwa a birnin Denver na Amurka, ana duba ko za su zabura ko su ƙifta ido. Sai dai jariri mai barci ko mai jin yunwa kan ruɗar da mai gwaji, kuma wanda jinsa ya ragu kaɗan yakan tsallake.

Bincike biyu ne suka sauya lamarin. A 1971, Don Jewett da John Williston suka nuna cewa idan aka manna ƙananan wayoyi a fatar kai, ana iya ɗaukar saƙon lantarkin da jijiyar ji ke kai wa ƙwaƙwalwa duk lokacin da sauti ya shiga kunne. Kurt Hecox da Robert Galambos suka gwada haka a kan jarirai a 1974. Sannan a 1978, David Kemp a Landan ya gano cewa lafiyayyen kunne ba karɓar sauti kawai yake yi ba: sashen can ciki mai siffar katantanwa yana mayar da wata siririyar amsa-kuwwa da ƙaramin makirfo zai iya kamawa. Idan amsar ta dawo, sashen yana aiki. Duka hanyoyin biyu ba sa bukatar jariri ya motsa, hasali ma sun fi kyau yana barci.

Na'urorin farko manya ne, kuma sai ƙwararre ke iya fassara sakamakonsu. A shekarun 1980 aka ɗora wa kwamfuta wannan aiki, aka fito da ALGO mai auna jijiya, da ILO88 mai auna amsa-kuwwa a 1988. Daga nan suka yi ta ƙanƙancewa har suka koma abin riƙewa a hannu mai aiki da batir, wanda cikin 'yan mintuna zai nuna ko yaro ya wuce ko a sake duba shi. A 1993 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta ba da shawarar a gwada kowane jariri. Binciken Christine Yoshinaga-Itano na 1998 ya ƙarfafa hakan, da ya nuna cewa yaran da aka gano kafin wata shida sun fi samun harshe. Daga baya aka tsayar da ƙa'ida: gwaji kafin wata ɗaya, tabbatarwa kafin wata uku, fara taimako kafin wata shida.

Tsarin Turai da Amurka ya ginu ne a kan haihuwar asibiti. A Najeriya, Dokta Bolajoko Olusanya ta gwada wata hanyar a Legas tsakanin 2005 da 2006, inda ma'aikatan lafiya na matakin farko suka auna jarirai kimanin 2,000 a ranar da aka kawo su allurar rigakafin tarin fuka. Aikin ya tabbatar da cewa ba lallai sai likitan kunne ne zai riƙe na'urar ba, kuma yaron da aka haifa a gida ma ana iya samunsa. A 2022 kuma masu bincike a Jami'ar Washington suka nuna cewa wayar hannu da 'yan kayan saurare masu araha na iya yin gwajin amsa-kuwwa.

Wannan darasi ya dace da garuruwa irin su Zandam da sauran ƙauyukan Gwaram da Birnin Kudu, inda mata da yawa ke haihuwa a gida a hannun ungozoma, kuma shawarar jarirai da sanƙarau da ƙyanda ke cikin abubuwan da ke kashe ji. Ranar rigakafi a ƙaramin asibiti ita ce damar da ta fi kusa. Amma gwajin farko tacewa ce kawai. Yaron da bai wuce ba yana bukatar a tura shi gaba, zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, a tabbatar da matsalar, sannan a haɗa shi da na'urar ƙara ji ko a fara koya masa maganar hannu tare da iyayensa tun yana ƙarami.