Ɗorin Yumɓu: Daga Rijiyar Dufuna Zuwa Nok

'Yan uwa, da yawanmu a Fika da Potiskum mun san labarin kwale-kwalen Dufuna, wanda wani makiyayi, Malam Ya'u, ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya a ƙaramar hukumar Fune. Da ya fasa ya yi itacen girki da shi, da jirgin da ya kai shekara 8,000 ya ƙare a murhu.

A ƙasar Sin ma rijiya ce ta tona asiri. A 1974 wasu manoma kusa da birnin Shi'an suna neman ruwa suka haƙo ɓallin mutum-mutumin yumɓu. Ashe rundunar sojojin yumɓu ce, dubbai, da aka binne kusa da kabarin sarki Qin Shi Huang. Kusan dukkansu a farfashe suke, kuma har yau ana ɗora su.

Mu ma muna da namu. A 1928 masu haƙar kuza suka tono kan yumɓu a ƙauyen Nok, kudancin Kaduna, daga baya Bernard Fagg na Jos ya gane cewa aikin wata tsohuwar al'umma ce. Farfesa Peter Breunig na jami'ar Frankfurt, wanda ya yi aikin Dufuna tare da masanan Jami'ar Maiduguri, shi ya jagoranci sabon binciken Nok tun 2005. Abin da suka riƙa samu ɓaraguzai ne: hannu a nan, rabin fuska a can. Aka kai su Jamus, aka wanke, aka haɗa gaɓa da gaɓa kamar yadda mai ɗori ke yi wa karaya, aka nuna su a Frankfurt a 2013, sannan aka dawo da su gidan tarihi na Kaduna.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne masu haƙar sata. Sukan ɗauke kai su sayar a Turai, su watsar da sauran, har da gawayin da masana ke auna shekaru da shi. Shi ya sa tun 2000 yumɓun Nok da na Katsina da Sakkwato suka shiga jerin kayan tarihin da ke cikin haɗarin sata a duniya. Wasu kuma a cikinmu da zarar sun gani sai su ce gunki ne, su farfasa, alhali ba wanda ya ce a bauta masa. Kwale-kwalen Dufuna dai yana Damaturu, tafiyar da ba ta kai yini ba daga Fika.