Yadda Ajiyar Mutanen Dumega Ta Kai Bayan Teku

Idan wayar saurayi ta ɓace a hanyar cirani, ya dawo garin Dumega na Nijar ya sayi wata, mai gyaran waya ya shigar masa da adireshin Gmail da kalmar sirri, sai ga lambobin dangi da hotunan ɗaurin aurensa suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, to lalle ya ga aikin abin da ake kira gajimare, wato manyan ɗakunan kwamfuta a ƙasashe masu nisa, waɗanda ke riƙe da ajiyar mutane suna yi musu lissafi bisa haya.

Asalin al'amarin tsada ce. A zamanin da kwamfuta guda take cika ɗaki, ba mai iya mallakarta sai hukuma ko jami'a ko babban kamfani, malamin nan John McCarthy ya faɗa a jami'ar MIT ta Amurka, a 1961, cewa wata rana za a sayar da aikinta kamar yadda ake sayar da layin tarho, kowa ya biya gwargwadon amfanin da ya yi. Hikimar da ta sa haka ta yiwu ita ce raba na'ura ɗaya ta zama kamar na'urori da dama, kowane ma'abocin kaso yana aiki kamar shi kaɗai ne, ba ya ganin na maƙwabcinsa. Kamfanin IBM ya fitar da wannan tsari kasuwa a 1972. Sai a 2006 kamfanin Amazon ya buɗe ƙofa ga kowa, yana ba da hayar irin wannan kaso a kan santi 10 na dala kowace awa.

Wanda ya karanta babin ijara da na wadi'a a fiƙihu ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin haya ce da ajiyar amana suka haɗu. Aikin masu kula da ɗakunan kuwa, wanda a ganina ya fi ginin kansa daraja, shi ne su kwafe kowace ajiya a wurare daban-daban saboda gobara ko ambaliya, su ƙayyade wanda ke da izinin buɗe ta, su sanyaya na'urorin dare da rana, su kuma kwana suna duban allo, don in wata ta mutu a mai da aikinta kan 'yar'uwarta tun mai ajiya bai farga ba.

Kafin wannan alheri ya iso Dumega sai da aka shimfiɗa masa hanya, kasancewar Nijar ba ta da gaɓar teku. Igiyar SAT-3 da ke kwance a ƙarƙashin ruwa ta fara aiki a 2002, tana da mashiga a Kwatano, daga can aka ja zaren gilashi ta Gaya da Doso zuwa Yamai. Ɗakunan ajiyar dai sun daɗe a Turai da Amurka. Microsoft bai buɗe nasa a Afirka ta Kudu ba sai 2019, Amazon kuma 2020. Illar wannan nisa ta bayyana ranar 14 ga Maris 2024, sa'ad da igiyoyi huɗu suka tsinke a teku daura da Kwaddibuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashen yammacin Afirka da dama.

Saboda haka ina ganin daidai ne da aka sa gina cibiyar ajiya ta ƙasa a Yamai cikin shirin zaren gilashin ƙetare Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya amince da shi a 2016, domin takardun haihuwa da na filayen talakawa sun cancanci zama ƙarƙashin shari'ar ƙasarsu. Sai dai irin wannan ɗaki ba ya jure yankewar wuta, alhali kuwa a Agusta 2023 Najeriya ta katse lantarkin da ke zuwa ta Birnin Kebbi, madatsar Kandaji da aka aza harsashinta a 2008 ita ma ba ta fara ba da wuta ba a lokacin.