Daga Rediyon Waya Zuwa Uwar Garken Waƙoƙi: Tarihin Kiɗan Bayan Fage a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Wanda ya ratsa kasuwar Malanville, garin da ke bakin kogin Kwara a arewacin Jamhuriyar Benin daura da Gaya ta Nijar, ko ya yada zango a garuruwan da ke kewaye da ita irin su Garou, zai ji waƙa tana tashi daga rumfuna ba tare da kowa ya zauna musamman domin sauraronta ba. Tela na ɗinki, mai shayi na haɗi, ana ciniki da Dendanci da Hausa da Faransanci, waƙar kuwa tana ta zuba. Haka abin yake a Kantin Kwari ta Kano da babbar kasuwar Maraɗi. Wannan shi ake kira kiɗan bayan fage, wato kiɗan da ke raka mutum a kan aikinsa. A yau akan ɗora nauyinsa a kan kwamfuta, a saita mata manhaja wadda za ta riƙa kunna waƙoƙi da kanta. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda aka iso nan, kuma za ta nuna cewa tsarin da ake saitawa a kwamfutar yau ya taɓa tsayuwa da ƙafarsa a birnin Kano tun shekarar 1944. Abin da ya sauya shi ne hannun da ke riƙe da zaɓi.

Kafin Zuwan Na'ura

Bahaushe ya daɗe da sanin kiɗan da ke raka aiki. Manoma suna da kiɗan gayya, inda makaɗi ke bin bayan samari da ganga yana zuga su kunya bayan kunya. Mahauta suna da kalangu, wanda ake kaɗa musu a kasuwa don a san an yi yanka. Mata suna da waƙoƙin niƙa da na daka da na daɓe. A duk waɗannan, makaɗi da mai sauraro suna wuri guda, suna ganin juna. Idan aiki ya yi sanyi makaɗi ya ƙara wuta, idan wani gwarzo ya iso ya sauya take. Ba a buƙatar rubuta sunan mai waƙa a ko'ina, domin ga shi nan tsaye kowa ya san shi, ya san ubansa.

Na'ura ce ta raba murya da mai ita. Thomas Edison ya ƙera na'urar naɗar sauti a 1877, Emile Berliner kuma ya fito da garmaho mai amfani da faranti shimfiɗaɗɗe a 1887. Da farantin ya iso ƙasar Hausa sai aka raɗa masa suna faifai, saboda kamarsa da faifan da mata ke saƙawa su rufe ƙwarya. Ɗalibin harshe zai lura cewa kalmar ta ci gaba da yin ƙaura: daga faifan garmaho ta koma faifan sidi, har ta kai yau ana cewa faifan bidiyo ga abin da ba shi da jiki ko kaɗan.

Kiɗa ta Cikin Waya

Garmaho yana da wahala guda: kowane gefen faifai mintuna kaɗan yake yi, sai an tashi an juya shi, an kuma wana na'urar. Saboda haka aka fara tunanin tara faya-fayai a ɗaki guda, a riƙa aika sautin ta waya zuwa wurare da yawa. A Amurka, wani janar na soja mai suna George Owen Squier ya yi rajistar irin wannan dabara a farkon shekarun 1920. A 1934 aka sa wa kamfanin da ya ginu a kanta suna Muzak, wanda ya shahara wajen kai kiɗa otal-otal da gidajen abinci da masana'antu. A Ingila ma an sami kamfanonin da ke kama shirye-shiryen rediyo a cibiya guda su rarraba wa gidaje ta waya, kuma a 1940 gidan rediyon BBC ya buɗe shiri na musamman na kiɗa domin ma'aikatan masana'antu a lokacin yaƙi.

Wannan dabara ta rarraba rediyo ta waya ita Turawan mulkin mallaka suka kawo Nijeriya. BBC ta fara watsa shirye-shirye zuwa ƙasashen da Ingila ke mulka a 1932. A 1935 aka buɗe tashar rarrabawa a Legas, sannan Ibadan ta sami tata a 1939.

Kano, 1944

A shekarar 1944, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka kafa irin wannan tasha a Kano. Kamar yadda Brian Larkin ya bayyana a littafinsa Signal and Noise na 2008, an maƙala lasifikoki a wuraren taruwar jama'a, ciki har da ƙofar gidan sarki da ɗakin karatu da gidan waya. Masu hali kuma suka karɓi akwati a gidajensu, suna biyan kuɗin haya. Daga baya wasu biranen Arewa irin su Zariya da Katsina da Sakkwato suka sami nasu.

Ya kamata a fahimci yadda tsarin yake, domin shi ne ginshiƙin wannan bayani. Akwai cibiya guda mai babbar na'urar kama sauti daga Landan, da ɗakin magana, da tarin faya-fayai. Daga cibiyar wayoyi suka fita bisa turaku zuwa unguwanni. Akwatin da ke ƙarshen waya lasifika ce kawai: ba ta kama wata tasha, ba a juya ta zuwa wata ƙasa. Mai gida yana iya ƙara murya ko ya rage, amma ba shi da ta cewa a kan abin da za a sa. Wannan ya yi wa hukuma daɗi, domin a lokacin yaƙi ba ta son jama'a su saurari tashoshin abokan gaba. Tashar takan tura shirye-shiryen BBC, ta haɗa da labarai da jawabai da kaɗe-kaɗe na gida cikin Hausa. Ta haka mutumin da ke wucewa ta bakin kasuwa ya fara jin kiɗan da bai ga makaɗinsa ba, bai kuma roƙa ba.

Zaɓi ya Koma Hannun Mai Sauraro

Rediyon waya bai yi tsawon rai ba. An kafa hukumar watsa labarai ta Nijeriya a 1951, aka sake mata tsari a 1957, shekarar da Sashen Hausa na BBC ya fara aiki. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna. A daidai wannan lokaci ƙaramin rediyo mai batir ya yi arha, ya shiga aljihun makiyayi da ɗan tireda. Sauti ya daina bin turaku, ya koma bin iska, iska kuwa ba ta san iyakar ƙasa ba. Muryar Mamman Shata da ta Musa Ɗanƙwairo da ta Ɗanmaraya Jos suka isa Maraɗi da Gaya da zangunan Hausawa na Benin da Gana.

Kaset, wanda kamfanin Philips ya fitar a 1963, shi ya kammala juyin. Da rikoda mai baki biyu kowa yana iya kwafa. Kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ta zama cibiyar da dillalai ke sarin kaset su bazu da shi har ƙetaren iyaka. Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990, waƙoƙin fina-finan Kano suka bi wannan hanya. Sidi ya biyo baya, sannan tsarin matse sauti na MP3, wanda aka raɗa wa suna a 1995, ya sa dubban waƙoƙi suka shiga ɗan memori da bai kai farce ba. Daga nan sabuwar sana'a ta ɓullo, ta masu tura waƙa: matashi da kwamfuta da lasifika a rumfa, kamar yadda ake gani a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano da kusan kowace tashar mota. Kwamfutarsa tana aiki biyu. Ita ce rumbun da ake ɗiba, ita ce kuma ke kiɗa wa layin kasuwar tun safe har dare.

Uwar Garke a Cikin Kwamfuta

A harshen masu kwamfuta, na'ura ko manhajar da ke yi wa wasu hidima ana kiranta saba, masu fassara kuma sukan ce uwar garke. Akwai irin manhajar da ba ta da taga a kan allo, tana tashi tare da kwamfuta ta ci gaba da aiki shiru. Masana a jami'ar MIT ta Amurka suka fara kiran irinta da sunan daemon a 1963, kalmar da asalinta na Girkanci ke nufin wani ruhi mai hidima da ba a gani.

Fitacciya a fagen kiɗa ita ce Music Player Daemon, a taƙaice MPD, wadda ta fito a 2003. Kyauta ce, kowa yana da izinin dubawa da gyara ta, kuma an fi amfani da ita a kan Linux. Ba ta cin ƙarfi, don haka tsohuwar kwamfuta ko ƙaramar Raspberry Pi, wadda ta shigo kasuwa a 2012, ta ishe ta. Hikimarta ita ce raba aiki gida biyu. Uwar garke tana riƙe waƙoƙi tana kunnawa. Umarni kuma yana zuwa daga wata manhaja dabam, a kan kwamfutar ko a wayar hannu, ta ƙofar sadarwa mai lamba 6600. Idan mai wayar ya tafi sallah ko ya kashe wayarsa, waƙa ba ta tsayawa.

Ana saita ta ne ta rubutu a wani ɗan fayil mai suna mpd.conf, kuma abin da ake rubutawa amsa ce ga tambayoyi huɗu. Ta farko, ina waƙoƙin suke? Sai a nuna mata babban jakar da aka tara su. Ta biyu, ina za ta ajiye bayananta? Wato rajistar waƙoƙi, da jerin waɗanda aka zaɓa, da inda ta tsaya, domin idan an ɗauke wuta aka dawo da ita ta ɗora daga kusa da wurin. Ta uku, ta ina sauti zai fita? Ko ta lasifikar da ke haɗe da kwamfutar, ko a watsa shi ta hanyar sadarwar gida zuwa wasu ɗakuna, ko duka biyun. Ta huɗu, wa aka yarda ya ba da umarni? Ana iya taƙaita shi ga kwamfutar kaɗai, ana iya buɗe shi ga duk wayar da ke kan sadarwar gidan, ana kuma iya sa kalmar sirri, a ba wani ikon dubawa kawai, wani ikon ƙara waƙa, wani cikakken iko.

Mai karatu zai ga cewa waɗannan su ne tambayoyin da injiniyoyin 1944 suka amsa a Kano: ɗakin faya-fayai, da littafin rajista, da wayoyin turaku, da jami'in da ke tsara shiri. Amsa ta huɗu ce kawai ta juya. Kujerar da jami'in mulkin mallaka ya zauna a kai, yau mai shago ne ke kanta.

Nauyin da ke Tare da Kujerar

Sai dai kujerar tana da nauyi. Uwar garke ba ta da kunne. Ba ta san muryar Shata ba. Tana tsara rajistarta ne bisa ɗan bayanin da aka liƙa a jikin kowane fayil: sunan mawaƙi, da sunan waƙa, da shekara. An fara wannan liƙi ga fayilolin MP3 a 1996. Yawancin tsofaffin waƙoƙin Hausa kuwa sun taso daga faifai zuwa kaset, daga kaset zuwa kwamfuta, daga waya zuwa waya, ba tare da an rubuta musu komai ba. Wasu lamba ce kawai sunansu, wasu kuma sunan shagon da ya tura su ne ya maye gurbin na mawaƙin. Irin wannan waƙa tana nan a rumbu, amma mai nema ba zai same ta ba.

Akwai kuma matsalar rubutu, wadda ta shafi ɗalibin Hausa kai tsaye. Idan an rubuta Ɗanƙwairo a wani fayil, Dankwairo a wani, Dan Kwairo a na uku, manhaja za ta ɗauke su mawaƙa uku. Wanda ya yi makarantar Faransanci a Gaya ko Malanville yana iya rubuta Chata inda Bakano zai rubuta Shata. Nijar tana amfani da harafin ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y. Sigar farko ta liƙin ba ta ɗaukar ɓ da ɗ da ƙ, amma sigogin baya suna ɗauka. Saboda haka aikin farko na mai saita uwar garke shi ne ya zaɓi ƙa'idar rubutu guda ya tsaya a kanta, ya cike sunan mawaƙi da na wanda aka yi wa waƙar idan ya tabbata, ya bar gurbin fili idan bai tabbata ba. Ya kuma ajiye kwafi na biyu a wani wuri, domin rumbun kwamfuta yana mutuwa ba sallama.

Kammalawa

An ga yadda kiɗan rakiyar aiki ya taso daga hannun makaɗin gayya, ya shiga wayoyin Kano na 1944, ya bi rediyo da kaset da memori, har ya zauna a cikin kwamfuta. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Ɗanmaraya a 2015, kuma dattawan da ke iya jin baiti guda su faɗi mawaƙin da wanda aka yi wa waƙar suna raguwa. Saita manhajar aikin yini guda ne, amma tantance sunayen yana buƙatar zama da waɗannan dattawa tun suna raye. Ɗalibin da ke neman batun nazari yana iya farawa daga rumfar mai tura waƙa mafi kusa da shi: ya karɓi waƙoƙi ɗari na gargajiya, ya ƙirga nawa ne ke ɗauke da sunan mai su daidai, sannan ya nemi wanda zai taya shi gyara sauran.