Gurasa, baƙuwar da ta zama 'yar gida

Ka ce wa mai bandashe a kasuwar Rano ko tashar Kibiya gurasa baƙuwa ce, dariya zai yi maka. Alhali fataken Larabawa ne suka kawo ta Kano, ita da alkaki, suka sauka Dandalin Turawa tun zamanin da ake kiran Balarabe "Bature". A lokacin alkama sai gidan sarauta da na attajirai. Kanawa ne suka barbaɗa mata ƙuli da yaji (gyaɗar ma, asalinta Kudancin Amurka). Bayan kammala madatsar Tiga a 1974, noman rani ya yawaita alkama a Kadawa. Yau ɗan Rano da ke Legas, in kewar gida ta taso, gurasa yake cigiya.