Asarar Haske a Magudanan Lithiyam Nayobet: Matsalar Bango Ce Kafin ta Zama ta Lu'ulu'u

Magudanar haske siririyar hanya ce da ake ƙerawa a jikin lu'ulu'u don haske ya bi ta ba tare da ya fantsama ba. A lu'ulu'un lithiyam nayobet, wanda Ballman ya fara renonsa ta hanyar Czochralski a Bell Labs da ke Amurka a 1965, ana son irin wannan magudana saboda wutar lantarki kaɗan tana sauya saurin haske a cikinta, abin da ake ɗora saƙo a kan zaren faiba da shi. Matsayin wannan maƙala shi ne, mafi yawan hasken da ke salwanta a magudanan zamani a bangonsu yake salwanta, don haka hanyar sassaƙa ita ce abin bincike.

Magudanan da tsofaffin hanyoyin ƙira biyu suka samar ba su da bango ko kaɗan. A 1974 Schmidt da Kaminow suka shimfiɗa siririn layin taitaniyam a kan lu'ulu'un, suka gasa shi a zafin da ya kai kimanin digiri 1000 na sa'o'i har ƙarfen ya nutse. A 1982 Jackel da abokan aikinta suka jiƙa lu'ulu'un a narkakken asid ɗin benzoik, haidirojin ya maye gurbin lithiyam. Kowacce da lalurarta: gashi yana fitar da lithiyam daga saman lu'ulu'un sai an busa tururi a tanderun, musayar kuma tana raunana tasirin lantarki sai an sake gasawa a hankali. Duk da haka asararsu tana sauka zuwa kusan desibel 0.1 a santimita, domin gefen magudanar a narke yake, babu kaushin da zai warwatsa haske. Abin da aka biya shi ne girma: hasken yana bazuwa a faɗin da ya kusa maikiromita 10, kuma ba a iya lanƙwasa hanyar sai da kwana mai faɗin santimitoci.

Siririn falle ne ya juya lamarin. Ana harba ƙwayoyin hiliyam cikin lu'ulu'un, a manna shi a kan silika, a ɗumama har ya tsage ya bar falle mai kaurin nanomita ɗaruruwa. Ma'aunin karkatar haske na lu'ulu'un kusan 2.2 ne, na silika kuwa 1.44, tazarar da ke matse haske ƙwarai. Sai dai hasken da aka matse yana goga da bango, kuma lithiyam nayobet taurin kai gare shi wajen sassaƙa: iskar fulorin tana barin gishirin lithiyam da ba ya tashi, ya daskare a wurin. Shi ya sa aka koma ga feshin ƙwayoyin agon, wanda ke bugun saman kawai, ɓarɓashin kuma ya dawo ya liƙe a gefe sai an wanke. A 2017 rukunin Lončar na Jami'ar Harvard ya kai asarar zuwa desibel 2.7 a mita da wannan hanya. A 2018 rukunin Ya Cheng a Shanghai ya samu kusan wannan adadi ta hanyar goge bangon da ruwan gogi har ya yi sumul. Hanyoyi biyu mabambanta, abin da ya haɗa su santsin bango ne.

Mai suka zai ce harbin hiliyam yana lalata lu'ulu'un, ashe laifin ba na bango ba ne kaɗai. Gaskiya ne, amma an nuna cewa gasa fallen bayan sassaƙa yana sauke asarar da lu'ulu'un kansa ke jawowa zuwa ƙasa da desibel 1 a mita, wato ƙasa da abin da magudanan ke asara a aikace. Suka mafi nauyi ita ce ta mahaɗa. Magudanar taitaniyam daidai take da cikin zaren faiba, haske yana shiga salin alin, alhali siririn falle yana iya zubar da desibel da dama a bakin shiga kaɗai, fiye da abin da zai zubar a tsawon na'urar. Wannan hujja ba ta rushe matsayinmu ba, sai dai ta rage darajar adadin desibel a mita idan aka ambace shi shi kaɗai, musamman da yake mafi ƙanƙantar adadin a faffaɗan magudanai ake samunsa, inda hasken ya yi nesa da bango. Rahoton da bai faɗi faɗin magudanarsa da asarar mahaɗarta ba, ba a iya kwatanta shi da wani.