Daga Madaki Auwa Zuwa Ofishin Uwargida

Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kasuwar Kurmi a bakin Jakara, kuma shi ne tarihin sarakunan Kano ya ce ya fara kulle. Ya buɗe wa fatake fili, masu gishirin Azbin da masu goron Gwanja da Larabawan ƙetaren hamada, sannan ya mayar da matan fada bayan katanga. Mai jin wannan zai ɗauka an raba matar sarki da sha'anin mulki ke nan, amma abin da ya biyo bayan rasuwarsa ya nuna akasin haka.

Matarsa Auwa, wadda aka fi sani da Madaki Auwa, ita ce mahaifiyar Sarki Abdullahi da ya gaje shi a 1499. Abdullahi ya fita yaƙi ya bar gari, sai Dagaci, wani basarake mai asali daga Borno, ya fara shirin tawaye. Da sarki ya dawo, ya tarar ƙarfin faɗa-a-jin Auwa ne kaɗai ya hana fitina tashi. A zamanin jikanta Muhammadu Kisoki ma, wanda ya hau a 1509, tana nan ana damawa da ita, tare da ɗan'uwanta Guli da mahaifiyar sarkin, Iya Lamis. Ba a ganinta a dandali, amma tana da sarauta mai suna da gida mai ɗauke da sunanta, kuma hakimai sun san matsayinta da iyakarsa. Har yau fadar Kano na kiran mahaifiyar sarki Mai Babban Ɗaki.

A kan wannan tsari na iko daga cikin gida Arewa ta daɗe. 'Yan kasuwar Kurmi sun san shi a tasu sana'ar, domin faifai da zare da hular da suke sayarwa, da yawansu aikin hannun matan kulle ne, dillaliya da 'yan talla ke fito da su. Matan shugabannin Jamhuriya ta Farko ma a ɓoye suka zauna. Mutane da dama ba su san sunan Hafsatu, uwargidan Sardauna Ahmadu Bello ba, sai da aka kashe ta tare da shi a Kaduna ranar 15 ga Janairu, 1966.

Maryam Babangida ce ta sauya lamarin. A 1987 ta ƙaddamar da shirin Better Life na kyautata rayuwar matan karkara, da ƙungiyoyin gama-kai da bukukuwan baje kolin irin kayan da aka saba gani a rumfunan Kurmi. Matan gwamnonin soja suka riƙe rassan jihohi. Kusan kowane dare tana labaran NTA, mata na lura da ɗaurin ɗankwalinta da ɗinkinta suna kwaikwaya. A nan matar shugaba ta zama tauraruwa. An samu matan da suka amfana, wannan gaskiya ne, amma tun a lokacin ake tambayar daga wane asusu kuɗin ke fitowa, kuma wa ke bin bahasinsu. Maryam Abacha ta zo da nata shirin tallafa wa iyali a 1994, wanda ya haifar da asibitin da ya zama Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Shirye-shiryen kansu kuwa, kowanne ya bi gwamnatin da ta kawo shi.

Mulkin farar hula ya ƙara wa abin siyasa. Lokacin da aka kai Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa jinya Jidda a Nuwamban 2009, sunan matarsa Hajiya Turai ya cika bakin jama'a a kan wa ke iya ganin shugaban. A Oktoban 2016 Aisha Buhari ta shaida wa Sashen Hausa na BBC cewa wasu 'yan tsiraru sun mamaye gwamnatin mijinta, shi kuma ya mayar da martani daga Jamus, a gefen Angela Merkel, cewa wurinta kicin ne da ɗaki. A Kano, tsakanin 2015 da 2023, ko yaro ya san wa ake nufi da Gwaggo, wato matar gwamna, Farfesa Hafsat Ganduje, kuma an yi ta muhawara kan girman tasirinta a gwamnati da jam'iyya.

A ganina, ba fitowar matan ce matsala ba. Mace mai ilimi da ke kusa da mulki tana da abin bayarwa, kuma Kano ta shaida hakan tun farkon ƙarni na 16. Abin damuwa shi ne suna da tasiri sun yi yawa, gurbi a doka babu. Kundin tsarin mulkin 1999 bai ambaci ofishin uwargidan shugaban ƙasa ko ta gwamna ba, don haka majalisa ba ta tantance ta, talaka bai zaɓe ta ba, alhali akwai ma'aikata da ayarin motoci da mawaƙa. Shi ya sa da Abba Kabir Yusuf ya ci zaɓen gwamna a 2023, cikin alkawuransa na farko har da cewa matansa da 'ya'yansa ba za su sa hannu a gwamnatinsa ba.