Yadda Ake Lissafin Turjiya da Ƙarfin Wutar Lantarki

Wutar da Kamfanin Rarraba Wutar Lantarki na Kaduna ke kai wa gidaje da shaguna a Gusau, Tsafe da Bungudu an tsara ta ne a kan bolt 230. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin da ke tura wuta cikin waya, amfiya kuwa ma'aunin yawan wutar da ke gudana. Da su ake gano sauran biyun.

Turjiya ita ce cikas ɗin da wuta ke fuskanta a cikin waya ko na'ura, ma'auninta om. Bajamushen masani Georg Ohm ne ya bayyana ƙa'idarta a shekarar 1827: bolt ÷ amfiya = om.

Ƙarfin aiki kuwa da wat ake auna shi: bolt × amfiya = wat.

Misali, dutsen guga mai jan amfiya 5 turjiyarsa om 46 ce, ƙarfinsa wat 1,150. In ya yi awa biyu yana jan wuta, ya ci yunit 2.3 a mita, domin yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda.

Fis mai amfiya 13 iyakarsa wat 2,990. Dutsen guga uku irin wannan kuwa wat 3,450 ke nan, sun zarce iyaka. Saboda haka muna kira ga magidanta, teloli da masu wanki da guga su riƙa duba wat ɗin da ke rubuce jikin kayansu kafin su haɗa su a soket ɗaya. In fis ya ƙone, a sauya shi da irinsa. Ɗaure shi da waya kan jawo gobara.